Ƙaton Soson Ganga na Tekun Karibiyan: Ƙirar Jikinsa da Gurbinsa Cikin Dabbobi

Ƙaton soson ganga, wanda masana ke kira Xestospongia muta, dabba ce ta ruwan gishiri da ke zaune a kan duwatsun murjani na Tekun Karibiyan da kewayensa. Ana samunsa a gaɓar Fulorida ta Amurka, da tsibiran Bahamas da Bamuda, da Mashigin Meziko, da gaɓar Beliz, har ya gangara kudu zuwa ruwan Barazil. Ya fi yawa daga zurfin mita 10 zuwa 30, ko da yake an gan shi a zurfin da ya haura mita 100. Manyansa sukan wuce mita ɗaya a tsayi, faɗinsu ya kusa mita biyu, har mai nutso ya iya shigewa cikin ramin da ke tsakiyarsu. A wurare da dama na yankin babu wata halitta mai zama wuri guda da ta kai shi girma, in ban da murjanin kansa.

Ba shi da wata dangantaka da soson wanka da ake ɓarewa daga busassun 'ya'yan yaɗo a ƙasar Hausa. Wancan tsiro ne, dangin duma da kabewa. Wannan kuwa dabba ce, duk da cewa ba shi da kai, ba shi da baki, ba hanji, ba jijiya, ba tsoka, kuma daga ranar da ya lafe a kan dutse ba ya sake gusawa. Wannan rashin ne ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a kan soson teku. Aristotal ya ambace shi cikin halittun da ke tsakanin tsiro da dabba. A 1765 John Ellis na Ingila ya lura da ruwa na fita daga ramukan soso, sannan a 1825 Robert Grant na Sikotilan ya tabbatar da cewa ruwan yana shiga ta ƙananan ƙofofi ya fita ta manya, kuma soson ne da kansa ke tafiyar da shi. Grant ɗin ne ya raɗa wa rukunin duka suna Porifera a 1836, ma'ana masu ƙofofi a jiki.

Siffar waje

Jikin soson bango ne mai kauri da ya kewaye wani rami mai faɗin baki, wanda ke tsukewa yayin da ya nufi ƙasa. Gindinsa yana manne da dutse kam, kuma sau da yawa gindin ya fi tsakiyar jikin ƙanƙanta, abin da ke sa guguwar teku ta iya tumɓuke manya. Ya yi kama da randar da aka girke a ƙasan ruwa, sai dai aikinsu ya saɓa: a randa ruwa kan tsattsafo daga ciki zuwa waje, a soson kuwa daga waje yake ratsa bango ya shiga ramin, sannan ya tashi sama ta bakin. Wannan babban baki shi ake kira oskulum. Galibi ɗaya ne, amma soson da ya taɓa karyewa ya sake tofowa yakan fito da baki biyu ko fiye a kan tsohon gindi.

Fatar waje ba iri ɗaya ba ce. Wasu suna da kunyoyi masu zurfi da suka taso daga gindi zuwa baki, wasu an cika su da tsirare masu kama da yatsu, wasu kuma kusan sumul suke. Launinsa ja ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Idan aka ɓalli yanki za a ga launin bai wuce 'yan milimitoci daga fata ba. Can ciki fari-fari ne mai ruwan ƙasa. Da taɓawa yana da tauri, amma ba ya lanƙwasa: idan aka matsa masa sai ya gutsure ya marmashe. Gefen bakin, inda sabon nama ke fitowa, shi ya fi siranta, shi ne kuma ya fi saurin karyewa idan mai nutso ya dafa shi ko igiyar fatsa ta sarƙe shi.

Kunyoyin da ramin gida ne ga wasu. Ƙananan kifaye, da ƙaguwa, da jatan lande, da taurarin teku masu siraran hannuwa duk suna fakewa a jikinsa.

Hanyar ruwa

Duk ƙirar cikin soso an yi ta ne don abu guda: a ja ruwa, a tace shi, a fitar. Masu nutso suna da hanya mai sauƙi ta nuna haka. Sukan ɗauki sirinji cike da koren rini marar guba, su fesa shi a hankali kusa da gindin soson. Rinin ba ya watsewa yadda zai yi a fili. Sai a ga bangon yana zuƙe shi har ya ɓace. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya tuɗaɗo daga bakin, ya miƙe sama a dunƙule. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi ruwan ya bi ta matakai biyar.

Da farko yakan shiga ta ostiya, wato ƙofofin da ke warwatse a fatar waje, waɗanda ido ba ya iya rarrabe su. Daga nan ya bi magudanan shiga, waɗanda ke rarrabuwa suna ƙara sirancewa. Ƙarshen kowace siririyar magudana wani ɗan ɗaki ne mai siffar ƙwallo, wanda faɗinsa bai wuce 'yan gomomin maikiromita ba. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Daga ɗakin ruwa ya faɗa magudanan fita, waɗanda ke haɗuwa suna ƙara faɗi har su buɗe a bangon babban ramin. Daga ramin sai oskulum.

Waɗannan ƙananan ɗakuna su ne injin. An jera bangon kowanne da wasu ƙwayoyin jiki da ake kira koyanosait, ko ƙwayoyi masu kwala. Kowace ɗaya tana da gashi guda mai tsawo, bulala, da ke kaɗawa ba tsayawa, kuma a gindin bulalar akwai zoben siraran gasu da suka tsaya a jere suka kewaye ta. Wannan zoben shi ne kwalar. Kaɗawar bulala tana tura ruwa gaba, sabon ruwa kuma ya biyo ta tsakanin gasun kwalar, inda tazarar ba ta kai maikiromita ɗaya ba. Duk bakteriyar da ta zo nan ta maƙale, ƙwayar ta haɗiye ta. Ƙarfin bulala ɗaya ba abin a zo a gani ba ne, amma ɗakunan da ke jikin babban soso sun wuce ƙirge, kuma dukkansu wuri ɗaya suke tura ruwa.

Akwai hikima a yadda faɗin hanyoyin ya bambanta. Idan aka haɗa faɗin dukkan ɗakunan, ya ninka na oskulum nesa ba kusa ba. Saboda haka ruwa kan yi sanyin tafiya a ɗakunan, inda ake bukatar lokaci don kama abinci, sannan ya ƙara gudu yayin da hanyoyin ke haɗewa, ya fita da ƙarfin da zai kai shi nesa da bangon. Da ba haka ba, da soson ya riƙa sake zuƙar ruwan da ya riga ya tace. Tsayin gangar ma yana taimakawa, domin igiyar ruwan da ke wucewa ta saman baki ta fi ta gindi sauri, kuma wannan bambanci yana ƙara jan ruwa daga cikin ramin.

Masana sun kasa tsarin magudanan soso gida uku. Mafi sauƙi shi ne askon, inda ƙwayoyi masu kwala ke shimfiɗe a bangon rami guda. Sai sikon, inda bangon ya nannaɗe ya yi aljihuna. Sai liyukon, mai ɗakuna da magudanai masu rassa. Soson ganga liyukon ne, kamar mafi yawan soso. Askon ba ya iya girma, domin idan ramin ya faɗaɗa ruwan da ke ciki zai fi ƙarfin ƙwayoyin da ke bango. Liyukon ne ya warware wannan matsala, shi ya sa ake samun soso mai girman ganga. Awon da aka yi a Fulorida da Bahamas ya nuna cewa a yini guda soson yakan tace ruwan da ya ninka girman namansa sau dubbai. Yakan kuma rage aiki ko ya tsaya cik na wani lokaci sannan ya ci gaba, duk da cewa ba shi da jijiyar da za ta kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan.

Naman jiki da baƙin da ke cikinsa

Fatar waje da bangon magudanai an lulluɓe su da shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi da ake kira finakosait. Tsakanin wannan lulluɓi da ɗakunan tacewa akwai wani nama mai yauƙi, mesohil, wanda sinadarin kolajin ya riƙe. A cikinsa ƙashin soson yake, a cikinsa kuma wasu ƙwayoyi ke rarrafe daga wuri zuwa wuri. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce arkiyosait. Tana karɓar abinci daga ƙwayoyi masu kwala ta narkar da shi ta raba, tana kwashe datti, kuma tana iya rikiɗa ta zama kowace irin ƙwaya da jiki ke bukata. Wannan baiwa ce ke sa raunin soso ya warke. A 1907 Henry Van Peters Wilson, a gaɓar Karolina ta Arewa, ya matse wani nau'in soso ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rabu ɗaiɗai, sai ga su sun sake tattaruwa sun gina ƙananan soso masu rai.

Mesohil ɗin soson ganga cunkushe yake da bakteriya da wasu ƙananan halittu dangoginta. Yana cikin rukunin soson da ake cewa masu yawan baƙi, waɗanda a wasunsu baƙin kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na naman. Irin waɗannan soso namansu ya fi ƙarfi, ɗakunan tacewarsu sun fi ƙanƙanta. Jan launin fatar ma ba na soson ba ne, na wata bakteriya ce mai haɗa abinci da hasken rana, sayanobakteriya, wadda ke zaune a 'yan milimitocin da haske ke kaiwa. Sananniya a cikinsu ita ce Synechococcus spongiarum. Shi ya sa soson da ya girma a kogo ko a inuwar dutse yake fitowa fari-fari.

Abincinsa ya ba masu bincike mamaki. An daɗe ana ɗauka cewa soso bakteriya da ƙananan tsirran ruwa kawai yake ci. Da aka gwada ruwan da ke shiga da wanda ke fita daga soson ganga a Fulorida, sai aka tarar mafi yawan kabon da yake ɗauka narkakke ne a cikin ruwa, irin wanda ciyayin teku da murjani ke zubarwa. Ɓarɓashin matattun halittu ya biyo baya, rayayyun ƙwayoyi kuma su ne kaso mafi ƙanƙanta. Baƙin da ke cikin naman suna kuma juya sinadaran naitirojin, don haka ruwan da ya fito daga oskulum ya bambanta da wanda ya shiga.

Soson yakan koɗe ya yi fari, kuma koɗewar iri biyu ce. Ta farko takan zo ta wuce: sayanobakteriyar ta ragu, launi ya dusashe, bayan wani lokaci ya dawo. Binciken da Susanna López-Legentil da abokan aikinta suka buga a 2008 bai sami alamar wahala a jikin irin wannan soso ba, abin da ke nuna cewa bai dogara da baƙin nan ba yadda murjani ya dogara da nasa. Ta biyu cuta ce mai kisa. Wani zobe mai ruwan lemo yakan bayyana a jiki ya riƙa ci gaba, a gabansa lafiyayyen nama, a bayansa farin ƙashi tsirara. Cikin makonni kaɗan ƙaton soso yakan ruɓe ya rushe.

Ƙashi na gilashi

Abin da ke tsayar da wannan nauyi tsinkaye ne na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, waɗanda ake kira sifikul. Wata ƙwaya mai suna siklerosait ce ke ƙera kowane ɗaya: takan fara shimfiɗa siririn zaren furotin, sannan ta riƙa ɗora masa silikar da ta tsamo daga ruwan teku, zobe bisa zobe. Idan tsinken ya karye ana iya ganin ramin zaren a tsakiyarsa.

Hanyar duba su ba ta canja sosai ba tun ƙarni na 19. Akan yanki ɗan gutsure a jefa a ruwan bilic ko a asid, naman ya narke, wani farin gari ya kwanta a gindin kwalba. A wanke garin, a ɗiga a kan gilashi, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ke bayyana a soson ganga ba shi da ado: sanduna ne masu ɗan lanƙwasa, garau kamar ƙanƙara, tsayin kowanne bai kai rabin milimita ba. Wasu suna da tsini a kai biyu, su ne oksiya. Wasu kawunansu a dakushe suke, su ne sitirongil. Akwai kuma na tsaka-tsaki. Duk girmansu kusan ɗaya ne. Ba a samun ƙananan tsinkayen nan masu siffar tauraro ko ƙugiya ko baka da ke cika jikin wasu soso, kuma wannan rashi kansa alama ce da ake rarrabewa da ita.

Sai kuma a yanko siririn fallen nama a duba yadda tsinkayen suka jeru. A cikin jiki sun haɗu dami-dami, damman kuma sun sarƙu sun bar ramuka masu kewaye inda magudanai ke bi. A wasu wuraren jerin ya rikice babu tsari. A fata sun kwanta a kwance sun yi saƙa mai yawa. Sinadarin sifonjin, wato zaren kolajin mai taushi da ke ɗaure tsinkaye, kaɗan ne ƙwarai a nan. Ga dalilin taurin da kuma marmashewar. Soson wanka na Bahar Rum, Spongia officinalis, akasin haka yake: ƙashinsa sifonjin ne zalla, shi ya sa ake matse shi ya dawo. Wanda ya goga soson ganga a jiki, tsinkayen gilashi zai kwasa.

Gilashin bai hana a ci shi ba. Wasu kifayen murjani sukan gatsa shi, musamman inda ya koɗe, kuma akwai kunkurun teku mai baki irin na shaho wanda soso ne babban abincinsa.

Haihuwa da tsawon rai

A wannan nau'i akwai namiji akwai mace, ko da yake ba a gane su da ido sai ranar zuba. A ranar, soso da yawa a wuri guda sukan saki iri lokaci ɗaya. Maniyyin namiji yakan tashi daga oskulum ya turnuƙe ruwa. Ƙwan mace ya fi ruwa nauyi, don haka yakan taru a cikin ramin ya malalo ta baki ya zube a kewayen gindi. An ba da rahoton ganin haka a Beliz a wata takarda ta 2005. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan zama 'yar tsutsa mai gashi da ke iyo na ɗan lokaci, sannan ta sami dutse ta manne.

Shekarunsa suna da wuyar ƙirgawa, domin ba shi da zobba irin na kututturen itace. Abin da ake yi shi ne auna girma. A 1997 Joseph Pawlik na Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Wilmington da ɗalibansa suka fara bin soson da suka yi wa lamba a Conch Reef, kusa da Key Largo a Fulorida. A 2008 Steven McMurray da Pawlik da James Blum suka fitar da lissafin girma daga hotunan soso fiye da ɗari. Lissafin ya ba mafi girman waɗanda ke filin binciken shekara 127. Da suka ɗora shi a kan hoton wani ƙato na tsibirin Kurasawo, mai faɗin kusan mita biyu da rabi, wanda cuta ta kashe a 1997, sai ya ba da kusan shekara 2,300. Wannan adadi na biyu ya yaɗu sosai, amma ya kamata a yi taka-tsantsan da shi: an miƙa lissafin da aka gina a kan awon 'yan shekaru ne zuwa girman da ya wuce duk abin da aka auna. Abin da ba a jayayya a kai shi ne manyan soson nan sun haura shekara ɗari. A filin na Conch Reef kuma adadinsu ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2000 da 2012, a daidai lokacin da murjani ke ja da baya.

Gurbinsa a rabe-raben dabbobi

Babban rukunin Porifera yana da nau'i fiye da 9,000 da aka amince da sunayensu, kuma tarihinsa a duwatsu ya wuce shekara miliyan 500. Yana cikin rassan farko da suka ware daga sauran dabbobi. Ko shi ne na farkon ko wasu halittun teku masu yauƙi da ake kira Ctenophora, har yanzu masana na muhawara. Tun 1866 Henry James-Clark ya lura cewa ƙwaya mai kwala ta yi kama da wasu halittu masu ƙwaya ɗaya, Choanoflagellata, kuma binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa su ne dangin dabbobi mafi kusa.

An kasa rukunin aji huɗu. Calcarea tsinkayensu na alli ne. Hexactinellida na gilashi ne masu kai shida, galibinsu a zurfin teku. Homoscleromorpha ƙaramin aji ne da aka ware a 2012. Sai Demospongiae, wanda William Sollas ya sa wa suna a 1885, mai ɗauke da kusan kashi huɗu cikin biyar na dukkan soso. A nan soson ganga yake. A tsarin da Christine Morrow da Paco Cárdenas suka fitar a 2015 an raba ajin uku: Keratosa, inda soson wanka na Bahar Rum yake, da Verongimorpha, da Heteroscleromorpha, wanda ya tattara mafi yawan masu tsinkayen silika. A cikin na ukun akwai sahun Haplosclerida, na Émile Topsent, 1928, wanda alamarsa ita ce sauƙaƙan tsinkaye masu kai biyu da aka saƙa raga. A da an sa soson ruwan daɗi a wannan sahu, amma tsarin 2015 ya ba su nasu, Spongillida. Irinsu na rayuwa a kogunan Afirka, har masu tonon kayan tarihi sun sami tsinkayensu a cikin tsoffin tukwanen ƙasa na fadamar Kogin Neja a Mali.

A ƙarƙashin sahun sai dangin Petrosiidae, wanda Rob van Soest na Holan ya kafa a 1980 don soso masu taurin dutse. Gidajen da ke cikin dangin ana rarrabe su ne da awon tsinkaye. A Petrosia tsinkayen suna zuwa girma-girma, manya da matsakaita da ƙanana. A Neopetrosia girmansu ɗaya ne, kuma ba su kai maikiromita 200 ba. A Xestospongia ma girmansu ɗaya ne, amma sun wuce 200. Masanin Amurka Max de Laubenfels ne ya kafa gidan Xestospongia a 1932. Nau'in kansa ya riga gidan samun suna: Bajamushe Oscar Schmidt ya bayyana shi a 1870 da sunan Schmidtia muta, daga baya aka mayar da shi inda yake yanzu. Shi ya sa a rubutun masana ake sa sunan Schmidt da shekarar a cikin baka bayan sunan nau'in, alamar cewa an sauya masa gida.

Wannan tsari ya yi kyau a takarda, amma ginshiƙinsa ba shi da ƙarfi. Soson da ke da tsinke iri ɗaya tak bai ba mai rarrabewa abin kamawa da yawa ba, kuma kaurin tsinke da tsayinsa kan canja gwargwadon silikar da ke cikin ruwa. Iyakar maikiromita 200 ma mutane ne suka shata ta don sauƙin aiki. Da aka fara gwada DNA, sai ya bayyana cewa dangogin Haplosclerida, har da Petrosiidae, ba kowanne ne ya fito daga kaka ɗaya ba. Nau'o'in da aka haɗa gida ɗaya saboda kamannin ƙashi sukan faɗa rassa mabambanta. Ana ci gaba da amfani da tsoffin sunayen ne domin ba a kammala tsarin da zai maye gurbinsu ba.

Matsalar ta sauko har kan nau'in. An saba cewa ƙattin soson ganga uku ne a duniya. Xestospongia muta na Atilantika. Xestospongia testudinaria, wanda Lamarck ya bayyana a 1815, ya bazu daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas zuwa Indunusiya da Taiwan da Ostireliya. Na uku, Xestospongia bergquistia, Jane Fromont ce ta ware shi a 1991 daga arewa maso gabashin Ostireliya, bisa hujjar cewa ba shi da zaren sifonjin da ke ɗaure tsinkayen testudinaria. Ta sa masa sunan Patricia Bergquist, masaniyar soso ta Niyuzilan. Tsakanin muta da testudinaria kuwa babu wani bambancin ƙira da za a dogara da shi. A aikace, tekun da aka tsamo soson shi ke ba shi suna.

A 2009 López-Legentil da Pawlik suka duba wani yanki na ƙwayar gado a soson Karibiyan, suka sami iri huɗu, kuma irin ya yi daidai da siffar fata zuwa wani mataki: masu yatsu sun fi karkata ga wani iri, masu sumul ga wani. Sai a 2017 Thomas Swierts da Nicole de Voogd na cibiyar Naturalis da ke Leiden, tare da abokan aikinsu, suka gwada samfura daga Atilantika da kuma ɓangaren Indiya da Fasifik. Sakamakon ya rushe rabon da aka yi bisa teku. Abin da ake kira muta ya ƙunshi aƙalla nau'i uku, na ɓangaren Indiya da Fasifik kuma aƙalla shida. Wasu rassan Karibiyan sun fi kusa da wasu na Indunusiya fiye da maƙwabtansu da ke kan dutse ɗaya da su. Fassarar da masu binciken suka bayar ita ce rassan sun rabu tun zamanin da tekunan ke haɗe, kafin motsin ƙasa ya toshe hanyoyin da ke tsakaninsu, kuma kowane teku ya gaji fiye da reshe ɗaya. Wani bincike na 2018 a Conch Reef ya sami rukuni biyu masu bambancin gado suna zaune gefe da gefe a fili guda.

Wannan ya shafi duk abin da aka auna a baya. Lissafin girma, da saurin tace ruwa, da juriyar cuta, da sinadaran da masu neman magani ke tsamowa daga naman, an tattara su ne a kan zaton nau'i ɗaya ake dubawa, alhali wataƙila an gauraya biyu ko uku. Kafin a raba sunan bisa ƙa'ida sai an gano reshen da samfurin Schmidt na 1870 ya fito, domin shi zai riƙe sunan muta, sannan a samo wa sauran alamomin da za a bayyana su da su. A halin yanzu duk ƙaton soson ganga da aka samu a yammacin Atilantika ana rubuta shi Xestospongia muta, masana kuma suna ɗaukar sunan a matsayin na tarin nau'o'i masu kama da juna.